Motsin ɗan'adam a idon kwamfuta: wane bincike ne zai amfane mu a Katsina?

Wannan lacca ce da wani malamin kimiyyar kwamfuta ya gabatar wa ɗaliban ajin ƙarshe a birnin Katsina. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Allah ya ƙara maka lafiya. Malamaina da abokan aiki, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan binciken da ake yi don a amfana da shi, ta fuskar tattara bayanai, da hanyoyin sadarwa, da nazarin motsin ɗan'adam. Ba zan raba su gida uku ba, domin a fagen aiki tare suke tafiya. Abin da ke damuna shi zan fara faɗa. Duk shekara ɗalibai na kawo mana manhajar ajiyar littattafai da manhajar biyan kuɗin makaranta, a ɗaure kundi da baƙin bango, a ba da maki, a jera a kanta. Babu ma'aikacin da ya taɓa buɗe ko guda. Alhali ga matsaloli nan jibge daga Ƙofar Ƙaura zuwa Jibiya suna jiran mai ilimin da kuka kwashe shekara 4 kuna nema.

Bari in ba ku labarin aikin da aka yi a ƙasar nan tamu, ya kuma yi tasiri. A shekarar 2012 yara 122 ne suka kamu da shan inna a Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Allurar tana nan, ma'aikata na fita, to me ya hana? Ɗaya daga cikin dalilan ita ce taswira. Da hannu ake zana taswirar da masu rigakafi ke bi, mutum ya zana ƙauyukan da ya sani, wanda bai sani ba kuwa babu shi ke nan. Rugage da ƙananan unguwanni da yawa ba su cikin lissafin kowa. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka fitar da kowane matsuguni, aka tura mutane suka tabbatar da sunayensu. Sannan aka ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu gane wurin da mutum yake, duk bayan 'yan mintoci wayar ta rubuta inda suke. Da yamma a karɓi wayoyin a kwashe abin da ke ciki, a ɗora kan taswira. Gani ya kori ji: unguwar da aka shiga ta fito fili, wadda aka tsallake ma ta fito, gobe a koma mata. Ba wannan kaɗai ya kawar da cutar ba, sarakunanmu da malamai da matan da suka bi gida gida sun yi aikin da na'ura ba ta iyawa. Amma rabon da a samu asalin ƙwayar cutar a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Ku lura da abu guda a wannan tsari. Wayar ba ta buƙatar sabis kafin ta yi aikinta. Tana ajiyewa ne a cikinta, sai an dawo gari a tura. Wanda ya tsara haka ya san ƙasar da yake wa aiki. Ku kuwa sau da yawa kuna gina manhajar da in data ta ɗauke na minti 1 sai ta tsaya cak. Mun ga abin da ya faru a watan Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Mun kuma ga 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna a nan suka rikice. Saboda haka tambayar farko da zan yi wa duk wanda ya kawo mini manhaja ita ce: in babu sabis kwana 3, me za ta yi? In sabis ya dawo, kuma ma'aikata biyu sun gyara bayanin mara lafiya guda kowa a tasa wayar, na wa za a ɗauka? Wannan tambaya kaɗai ta isa kundin digiri na biyu.

Motsin ɗan'adam kuwa iri biyu ne. Akwai zirga-zirgar jama'a daga gari zuwa gari. Duk sanda ka buga waya, kamfani na rubuta turken sadarwar da ya ɗauki kiran, da lokacin. A Kenya an yi nazarin irin wannan bayani na mutum kusan miliyan 15, aka wallafa a 2012, aka nuna yadda matafiya ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro daga yankin tafkin Biktoriya zuwa wasu sassa har Nairobi. Mu da muke da kasuwar Mai'aduwa da ta Jibiya, ga 'yan cirani, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 wanda zai ratsa Daura da Katsina, ga kuma Jami'ar Sufuri a Daura, ba sai an gaya mana amfanin sanin inda jama'a ke kwarara ba.

Iri na biyu shi na fi so mu tsaya a kai, wato motsin jikin mutum guda: yadda yake taku, yadda yake tashi, yadda gwiwarsa ke lanƙwasa. Ilimin ya daɗe. A 1878 wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 ya ɗauki doki yana gudu, aka tabbatar akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk ba sa taɓa ƙasa. Mutanen Katsina da suka gaji wasan folo tun zamanin Sarki Dikko, na san wannan zai burge ku. Daga baya aka koma ɗakunan gwaji masu tsadar gaske, ana manna wa mutum 'yan ƙwallaye a gaɓoɓi, kyamarori na bin su. Yau abin ya sauko. Jami'ar Stanford ta fitar da manhajar OpenCap, wadda da wayoyin iPhone biyu take lissafa motsin gaɓoɓi. Ita kanta wayar da ke aljihunka tana da na'urar da ke jin girgiza da karkata, da ita take ƙirga takunka.

To ina aikinmu a ciki? Ku je sashen gashi, wato inda ake gasa ƙashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya, na kowane babban asibiti ku ga masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka karye a hatsarin babur, da manyan da shan inna ya taɓa tun suna yara. Likita na duba tafiyarsu da ido, ya ce a dawo bayan wata guda. Mai zuwa daga ƙauye kuɗin mota ma aiki ne. Da ɗansa zai ɗauki bidiyonsa a tsakar gida, waya ta auna ko takun ƙafar dama ya fara daidaita da na hagu, da an rage masa wahala.

Sai dai manhajojin nan da hotunan mutane masu wando da 'yar shara aka fi horar da su. Suna neman gwiwa da ƙugu da idon sawu. Ka sa wa dattijo babbar riga, ko baiwar Allah ta sa zane da hijabi har ƙasa, ina gwiwar take? Sai manhajar ta yi ta kame-kame. Kuma ba za ka ce wa mahaifiyar wani ta sa gajeren wando a gaban kyamara ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Wataƙila mafita a ɗaura ƙaramar na'ura a ƙwauri a ƙarƙashin tufafi, wataƙila a koya wa kwamfuta karanta motsin ƙafa da kafaɗa kawai. Amsar gwaji ne zai ba da ita, kuma babu wanda zai zo daga Turai ya yi mana, domin ba damuwarsa ba ce.

Ga wani kuma. Akwai gwajin da likitoci ke yi wa tsofaffi tun 1991: mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, ana fargabar yana iya faɗuwa. Gwaji ne mai kyau. Amma kakanninmu a kujera suke wuni? A tabarma suke zama, su tsuguna su yi alwala, su yi ruku'u da sujada sau biyar a rana. Tsoho bai damu da kujera ba, tambayarsa ita ce yaushe zai koma sallah a tsaye. Auna shi da ma'aunin wasu kaɗai tamkar ɗinka wa mutum riga ne da awon maƙwabcinsa. Ina so in ga ɗalibin da zai haɗa kai da likitan gashi su auna tashi daga tabarma, su tara bayanin mutanenmu masu lafiya, maza da mata, don a san yadda lafiyayyen tashi yake a nan.

Dole in ja kunnenku a kan amana. Kada wani ya ce ai na goge sunaye, shi ke nan. Wani bincike na 2013 a kan mutum miliyan ɗaya da rabi ya nuna cewa sanin wurare 4 da mutum ya kasance, da lokutansu, ya isa a gane kashi 95 cikin 100 na mutanen, a ware kowanne daga sauran jama'a ko da babu suna. A jihar da ake satar mutane don kuɗin fansa, bayanin da ke nuna ranar da Alhaji wane ke zuwa kasuwa da hanyar da yake bi, in ya faɗa mugun hannu, rai ne. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ku karanta ta. Ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ku yi wa mutum bayani da Hausa, mace ta ɗauki bidiyon mace, kuma in lissafi zai yiwu a cikin wayar, kada bidiyon ya fita ko'ina.

(Wata ɗaliba ta tambaya: Malam, mu da ba mu da kuɗin kayan aiki, ta ina za mu fara?)

Madalla da tambaya. Wayar Android guda, da awon tela, da agogo sun isa somawa. Ki auna mita 10 a baranda, ki sa alli. Ki nemi ƙawayenki 20 da suka yarda, kowace ta yi tafiyar da waya ɗaure a ƙugu, wata na ƙirga takun da ido tana rubutawa. Ki gwada lissafin manhajarki da na idon, da silifas da kuma takalmi sau-ciki, a kan siminti da kuma cikin rairayi. Inda suka saɓa, nan bincikenki yake. Kafin ki rubuta layin manhaja ko ɗaya kuma, ki je ki zauna da ma'aikaciyar gashi wuni guda, ki tambaye ta wane awo ne in ta samu zai canza maganin da take yi. Ki kawo mini amsarta ofis, mu ɗora daga nan.

Shugaba ya ɗaga mini hannu, la'asar ta yi. Sauran tambayoyin sai bayan sallah. Wassalamu alaikum.