Darasi: Sarrafa Tirela da Maɓallan Kwamfuta a Wasan Euro Truck Simulator 2

Assalamu alaikum masu kallo. Darasinmu na yau a kan tuƙin babbar mota ne da maɓallan kwamfuta a wasan Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software na ƙasar Cek ya fitar a shekarar 2012. Tun daga 2021 wasan yana da sashen Convoy, inda abokai kan haɗu ta intanet su yi jerin gwano a hanya ɗaya, ga kuma manhajar TruckersMP wadda take tara direbobi masu yawa a lokaci guda. Wanda bai mallaki sitiyarin wasa ba, shi ma zai iya tuƙi mai kyau, matuƙar ya fahimci halin maɓalli.

Ku ɗora yatsun hannun hagu a kan W, A, S da D. W ne totur, S ne birki, A yana karya sitiyari hagu, D kuma dama, sannan kibiyoyi huɗu da ke gefen dama na allon maɓallai suna yin wannan aikin ga wanda ya fi sabawa da su. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke amfani da allon tsarin Faransanci za su tarar da Z da Q a mazaunin W da A, saboda haka su fara leƙa saitin maɓallai kafin su hau hanya. E yana tayar da inji kuma yana kashe shi, dogon maɓallin da ke ƙasa, wanda ake raba kalmomi da shi, shi ne birkin hannu. Idan kun taka totur kuka ji inji yana ruri amma mota ta ƙi motsi, ku duba birkin hannun tukuna.

Yanzu ga muhimmin abu. Sitiyarin gaske yana karɓar juyi kaɗan-kaɗan gwargwadon hannun direba, shi kuwa maɓalli ko dai an danna shi ko ba a danna ba, babu tsaka-tsaki. Idan kuka riƙe A na ɗan lokaci alhali kuna gudun kilomita 80 a awa, sitiyarin zai ci gaba da karyewa, kan motar ya fizga, tirelar da ke baya ta bi shi da nauyinta, kuma sau da yawa ƙarshen abin kifewa ne. Maganin shi ne taɓawa a saki, a sake taɓawa a saki. Ku dubi yatsana a wannan doguwar kwana: ba na riƙe maɓallin, ƙwanƙwasa shi nake yi a jere, kuma ina daina ƙwanƙwasawa kafin kwanar ta ƙare domin sitiyarin ya koma tsakiya da kansa. A kan shataletale ko mashigar kamfani ne kaɗai ake riƙe shi, bayan an rage gudu sosai. Haka birki yake. Dannawa ɗaya mai tsawo tana tsayar da mota da ƙarfi, wanda ke biye da ku ya afka muku, don haka ku saki totur tun daga nesa, ku yi amfani da B, wato birkin inji, musamman a gangara, sannan ku ƙarasa da S a hankali. Idan har yanzu sitiyarin yana yi muku zafi, a cikin saiti akwai wurin rage saurin amsawarsa, kuma a ganina sabon direba ya fara da wannan gyaran kafin komai.

Batun giya ba shi da tsawo. A tsarin otomatik mai sauƙi, S yana tsayar da mota, idan aka ci gaba da riƙe shi kuma ta shiga ribas. Wanda ya zaɓi canza giya da kansa zai ƙara ta da Shift, ya rage ta da Ctrl.

Da yake a intanet mutane ne na gaske a cikin motocin da ke kewaye da ku, maɓallan sanarwa suna da nauyi. Sigina tana kan maɓallai biyu masu alamar baka mai kusurwa da ke dama da P, na farko hagu, na biyu dama. F yana kunna fitilun gargaɗi, L fitilun gaba, K doguwar fitila, P waifa idan ruwa ya sauko, H kuma hon, wanda bai kamata a dame mutane da shi a cikin cunkoso ba. Hanyar da ke tsakanin garin Calais na Faransa da Duisburg na Jamus ta yi suna wajen cinkoso a TruckersMP, kuma ana dakatar da mai banke mutane da gangan, saboda haka ban ba wa sabon hannu shawarar ya fara daga can ba. A doguwar hanya miƙaƙƙiya, C yana riƙe muku gudun da kuke kai, yatsa ya huta.

Saura ajiye kaya, inda maɓallan kyamara suke da amfani. Lamba 1 tana nuna cikin mota, 2 tana nuna ta daga baya, 3 kuma daga sama, F2 yana fito da madubai a kan allo. A ribas, bayan tirela yana tafiya kishiyar ɓangaren da kuka karya sitiyari, wato idan kuna son ya nufi dama, A za ku taɓa. Da zarar ya fara karkata sai ku mayar da sitiyarin, in ba haka ba kan motar zai naɗe a jikin tirelar. Idan ta karkace da yawa, ku ja gaba ku miƙe ta, ku sake. Bayan ta daidaita a cikin layin da aka zana, ku ja birkin hannu, ku danna T domin kwance ta.

Aikin da zan ba ku kafin darasi na gaba shi ne ku ɗauki kaya marasa nauyi a gajeriyar hanya ku kaɗai, ba a intanet ba, ku yi ribas ɗin da kyamara ta 3, sannan ku maimaita shi daga cikin mota da madubai kawai.