Turancin da matafiyi ke ji da kunnensa

Assalamu alaikum. Ɗalibai da sauran 'yan uwa da suka zo sauraro, barkanmu da war haka. Yau maganarmu a kan Turancin tafiya ce, tun daga sayen tikiti har mutum ya sauka inda za shi.

Mai koyo yakan zauna ya haddace bus, train, plane, ship, ya ga kamar ya gama. To ai ba waɗannan ke ɓatar da mutum ba. A wajen tafiya, abin da za a faɗa maka ya fi abin da za ka faɗa yawa. Lasifika ce za ta yi magana da sauri cikin hayaniya, allo ne zai canja rubutu kana tsaye. Don haka ni na fi son ku horar da kunne da ido kafin baki.

Mu fara da filin jirgin sama. Kana shiga za ka ga Departures, wajen masu tashi, da Arrivals, wajen masu sauka. A teburin check-in za a auna jakarka a ba ka boarding pass, takardar shiga jirgi. Ku duba ta da kyau. Akwai lambar kujera, seat, akwai lambar ƙofa, gate, sannan akwai boarding time, lokacin da za a fara shiga. Wannan daban yake da lokacin tashi, kuma ana rufe ƙofa tun kafin jirgi ya ɗaga. Mutum yana zaune hankalinsa kwance yana jiran 18:45, wato bakwai saura kwata na yamma, alhali an rufe ƙofa tuni. Wannan asara tana ba ni takaici, domin kalma biyu ce kawai ta jawo ta.

A babban allo kuma, on time na nufin komai lafiya. Delayed, an samu jinkiri, ka zauna ka jira. Cancelled, an soke tafiyar, zama bai kama ka ba, tashi ka nemi teburin kamfanin. In ka ji final call, kira na ƙarshe ke nan, sai ka ɗaga ƙafa. Wanda zai canja jirgi a wata ƙasa ya bi alamar Transfer ko Flight connections, kada ya bi ayarin masu fita. A Ingila da ƙasashen Turai, in ka ɗauki kaya za ka tarar da hanyar kwastan mai launin kore, Nothing to declare, ta wanda ba ya ɗauke da abin da za a biya wa haraji, da kuma ja, Goods to declare. Su kansu matuƙan jirage ba su tsira ba: hukumar ICAO mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chikago ta 1944, ta wajabta wa matuƙa da masu ba su umarni daga ƙasa ƙwarewa a Turanci in ana ketare iyakoki.

Yanzu jirgin ƙasa, inda Turancin Ingila da na Amurka suka fi raba hanya. A Landan aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, a 1863. Sunansa Underground, mutanen gari kuma su ce Tube. Na birnin New York, da aka buɗe a 1904, subway ake ce masa. Ku lura da kyau a nan: in ka ga alamar subway a Landan, yawanci hanyar masu tafiya a ƙafa ce da ta bi ta ƙarƙashin titi, ba za ka tarar da jirgi ba. Tikitin zuwa kawai, Ba'ingile zai ce single, Ba'amurke ya ce one-way. Na zuwa da dawowa, return a Ingila, round trip a Amurka. Dandamalin da ake tsayawa platform ne, a tashoshin Amurka kuwa lambar track za a ba ka. A cikin jirgi za ka ji Mind the gap, wato ka kula da ratar da ke tsakanin jirgi da dandamali. In aka ce This train terminates here, ko All change, tafiya ta ƙare, kowa ya sauka.

Na mota ba zan daɗe a kai ba. Fetur petrol ne a Ingila, gas a Amurka, kuma ƙasashen biyu da mil suke auna nisa, mil ɗaya kusan kilomita 1.6.

Akwai wasu ƙananan kalmomi da nake so mu tsaya a kansu. Ana cewa get on a bas, jirgin ƙasa da jirgin sama, a sauka da get off. Mota da tasi kuwa get in, a fita da get out. Dabarar tunawa: abin da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa, on ne, wanda sai ka sunkuya ka zauna, in ne. Keke da babur su ma on, tunda a kansu ake zama. Za ka ce by bus, by train, amma tafiyar ƙafa on foot. In jirgi ya tafi ya bar ka, I missed my train za ka ce. In ka ce lost, za a ɗauka wani abu ne ya ɓace maka.

Abin da baki zai furta kaɗan ne, kuma tambaya ce, tunda matambayi ba ya ɓata. Which platform? Does this bus go to the airport? Sai wadda na fi so ku riƙe: Could you say that again, slowly? Ba abin kunya ba ne, ma'aikatan tasha kullum suna jin ta.

Aikin gida kuma, ku shiga YouTube ku nemo sanarwar tashoshin jirgi, ku saurara ba tare da kallon rubutu ba, ku rubuta lambar ƙofa da lokacin da kuka ji. To, mai tambaya ya ɗaga hannu.