Laccar da aka gabatar wa ma'aikatan lafiya kan shan taba a tsakaninsu

Assalamu alaikum. Likitoci, nas-nas, ungozomomi, 'yan dakin gwaji da ɗalibanmu na can baya, sannunku da zuwa.

Yau maganar a kanmu take. Kullum mu ne masu ce wa mutane su bar taba, to amma a cikinmu akwai masu sha, kuma kowa a nan ya san haka, sai dai ba a faɗa.

Mu fara da tarihi, don da likitoci aka tabbatar da illar taba. A shekarar 1951 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka aika wa likitocin ƙasar takardar tambaya kan ko suna shan sigari, kusan dubu 40 suka amsa, sai aka zauna ana bibiyar wa ya mutu kuma me ya kashe shi. Zuwa 1954 an fara ganin kansar huhu ta fi cin mashaya. Aka ci gaba har shekara 50, rahoton 2004 ya nuna mashayin da bai daina ba yana rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa. Shi kansa Doll yana sha, da ya ga abin da alƙaluma ke nunawa sai ya ajiye. Likitocin Ingila da yawa suka bi bayansa, tun kafin sauran jama'a.

To mu fa? Namu a ɓoye ake yi. Duti na dare, ƙarfe biyu, ka gama da mai haɗarin mota, mai naƙuda tana jira, mutum ɗaya yana aikin mutum uku, sai ya zagaya bayan ɗakin janareta ko wajen mai shayi na bakin get ya kunna kara ɗaya. Kafin ya dawo ya wanke hannu, ya tauna goro ko ya jefa TomTom a baki. Ɗan'uwa, warin yana jikin rigarka, kuma uwar da ta kawo yaro mai asma tana ji lokacin da ka sunkuya za ka saurari ƙirjinsa. Matasanmu kuma sun koma shisha, wai ruwa yana tace hayaƙin, wallahi ba ya tacewa, nikotin ɗin nan, sinadarin da ke sa mutum ya kasa dainawa, yana nan, iskar gawayi mai guba tana nan.

Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da shan ke yi wa bakinmu. Ma'aikacin da yake sha nauyi yake ji ya tambayi majinyaci, "Baba kana shan taba?" Sai ya tsallake tambayar. Dattijo ya zo da hawan jini ko tarin fuka, a rubuta masa magani ya tafi, kwalin sigari na aljihunsa ba wanda ya ce komai. Alhali an gwada an gani, 'yar gajeruwar shawara daga bakin likita, ko ta minti biyu ce, tana ƙara yawan masu dainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, har da waɗanda ba su taɓa kunnawa ba, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa, shi ya sa ma a 2005 ta ware ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, gaba ɗaya kan rawar ma'aikatan lafiya. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a asibiti, ta hana sayar da kara-kara, amma ku leƙa tiredar da ke bakin get ku gani.

Ni ban zo don a tona asirin kowa ba. Nikotin kamu yake yi, ciwo ne kamar sauran, kuma a wajenmu kunya ce ke hana mutum neman taimako, musamman mace ma'aikaciya, wadda in aka ji tana sha shi kenan sunanta ya ɓaci. Don haka ina roƙon shugabannin asibiti su ware likita ɗaya da ma'aikaci zai iya zuwa wajensa a sirrance, ba tare da maganar ta shiga fayil ɗinsa ba, a samo cingam ɗin nikotin ko na mannawa a fata a ajiye a famasi. A katin majinyaci kuma a sa layin tambayar taba kusa da inda ake rubuta awon jini, yadda ba mai tsallake ta. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, sista za ta miƙo masa makirfo.