Wa ke biya wa 'yan wasan jami'o'in Amurka kuɗin karatu?

Filin wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka na Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutane fiye da dubu 107, kuma yawancin matasan da jama'a ke cika shi don kallonsu ɗalibai ne da aka ɗauke musu kuɗin makaranta, da na masauki, da na abinci da littattafai. Daga ina kuɗin ke fitowa?

Kaso mafi tsoka na zuwa ne daga gidajen talabijin. Ƙungiyar jami'o'i ta Big Ten, wadda Michigan ke cikinta, ta sayar wa Fox da CBS da NBC izinin nuna wasanninta na shekara bakwai daga 2023 a kan kuɗin da ya kai kimanin dala biliyan 7. Ita kuma hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, mafi yawan kuɗin shigarta daga gasar ƙwallon kwando ta watan Maris suke fitowa, sannan ta raba wa makarantu. Bayan haka akwai kuɗin tikiti, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da attajirai, waɗanda sau da yawa sai sun ba da ita kafin a ba su kujera mai kyau a fili.

Sai dai jami'o'in da wasa ke ciyar da kansa kaɗan ne. A sauran, ana cike giɓin ne daga asusun makaranta da kuɗin da ake ɗora wa kowane ɗalibi, har da wanda bai taɓa leƙa filin wasa ba. Dokar Title IX ta 1972 kuma ta wajabta a raba tallafin karatun 'yan wasa tsakanin maza da mata gwargwadon yawansu a wasanni. Daga 2025, bayan wata yarjejeniyar sulhu da kotu ta amince da ita, makaranta na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye kuɗin da jimillarsu ta kai har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Tunda daga aljihun mai kallo da ɗalibi kuɗin ke fitowa, suna da cikakken haƙƙin tambayar yadda ake kashe su, musamman a jami'o'in gwamnati inda albashin kocin ƙwallo ya ninka na shugaban jami'a sau da dama. Sukar dabarun koci ko yadda hukumar makaranta ke tafiyar da al'amura babu laifi a cikinta.

Abin takaici shi ne idan sukar ta koma zagi da barazana ga yaro ɗan shekara 19 saboda ya ɓarar da ƙwallo. Matsalar ta ƙaru tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi hanyar halatta cacar wasanni a 2018, har ta kai a 2024 shugaban NCAA, Charlie Baker, ya roƙi jihohi su haramta yin caca a kan abin da ɗalibi guda zai yi a cikin wasa.