Darasin noma: me ke sa shinkafa ta yi tsawo har ta kwanta?

Assalamu alaikum masu sauraro, na Agege da Mile 12, da masu noman shinkafa a fadamun Ikorodu da Epe. Yau tsayin kara za mu tattauna.

A jikin shuka akwai wani sinadari, jibaralin, shi ke miƙa gaɓoɓin kara. Daga cuta aka gano shi. A 1926, a gonakin shinkafa, masanin Japan Eiichi Kurosawa ya nuna cewa wani fangas, wato ƙwayar cuta irin ta fumfuna, shi ke fitar da abin da ke sa tsiro ya zarce sa'anninsa. Ku leƙa gadon renonku. In kun ga tsiro ya yi zaƙwal, siriri, ganyensa ya koɗe, kada ku yi murna, cutar ke nan, sunanta bakanae. A tuge shi a ƙone. Badi kuma a cuɗa iri da maganin fangas kafin a shuka, don a jikin iri cutar ke zuwa.

Sai batun halin da shuka ke gada daga iyayenta. Shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 tana ɗauke da ƙwayar gado sd1, wadda ke rage jibaralin. Kara ya gajarta ya yi ƙwari, abinci ya tafi zangarniya. Alkamar da masanin noma ɗan Amurka Norman Borlaug ya inganta a Meziko daban take: tana yin sinadarin, amma ƙwayar gado Rht ta hana ta jin sa sosai. Shi ya sa ba a binne irinta da zurfi, santimita 3 zuwa 5 ya isa, in ya wuce tsiron ya kasa fitowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a samu doguwar shinkafa a zuba mata yuriya gaba ɗaya. Kara ya yi tsawo ya yi laushi, iska ɗaya ta kwantar da ita cikin ruwa, ƙwaya ta ruɓe. A raba takin biyu: rabi wajen mako uku bayan dashe, tana 'ya'ya, rabi in ta fara ɗaukar ciki.

Ku da ambaliya ke damu, ku saurara. In ruwa ya rufe shinkafa, iskar etilin na taruwa a jikinta, ta yi ta miƙewa har ƙarfinta ya ƙare. Mai ƙwayar gado Sub1 kuwa lafewa take yi, ta jure kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa. Irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 suna da ita. In za ku saya, ku duba sunan a jikin buhu.