Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar Nauyin Karatun Maraya

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙu biyu ne a gabanmu yau, duka a kan marayu.

Ta farko daga wani mai shago ce a kasuwar Dole. Ya ce maƙwabcinsa a Garin Malam ya rasu ya bar yara uku, yana so ya ɗauki nauyin karatunsu, to nawa zai riƙa ba uwarsu?

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya kuma jiƙan maƙwabcinka. Amma kafin maganar nawa, taka da ƙafarka ka je lakwal ɗin, wato makarantar bokon yaran, ka zauna da darakta. Lakwal ta gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, shi ya sa wasu ke zaton maraya ba ya buƙatar kowa. Alhali ƙananan abubuwa ne ke fidda yaro daga aji: kaye (littafin rubutu), bik, allo da alli, takalmi, da ɗan abin da kwamitin kula da lakwal, wato COGES, ke karɓa. Sai uwa uba, yunwa. Yaron da ya fito ko koko bai sha ba, mushe, wato malamin aji, na ta rubutu, shi kuwa idonsa na bakin ƙofa wajen mai ƙosai. Kayan karatu ka saye su da hannunka kafin komawa aji a watan Oktoba. Kuɗin karin kumallo kuma ka riƙa ba uwar mako-mako, don dunƙulallen kuɗi in ya shiga gidan da ba hatsi, tukunya zai faɗa, kuma ba mai ganin laifinta.

Ka tambaye ta ko yaran na da takardar haihuwa. In babu, a bi ta kotu tun yanzu a samo hukuncin da ke maye gurbinta, kada a bari sai sun kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ana neman takardu a shiga guje-guje.

Sannan ka auna aljihunka da kyau. Daga CI, ajin farko, zuwa CM2 shekara 6 ce. In ƙarfinka na ɗaya ne, ɗauki ɗaya ka kai shi ƙarshe, ka nemo abokan kasuwa su kama sauran. Kuma don Allah, in akwai mace a cikinsu kada ita ce a fara ajiyewa. Mu a Damagaram mun san wadda ake ɗora wa tallar goro, mun san wadda ke kwana layin famfo da jarka idan ruwa ya yi wuya.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Birni. Tana so ta ɗauko marainiya ta riƙe, ta sa ta lakwal da sunan maigidanta.

Hajiya, riƙo alheri ne babba, amma sunan ubanta a bar mata shi. Suratul Ahzab aya ta 5 ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, kuma gadonta da danginta na nan rataye da wannan suna. In uwarta na raye, ni a ganina gara a bar ta a ɗakin uwarta ki riƙa ɗaukar hidimar. In kuwa kin ɗauko ta, to lokacin da ƴaƴanki ke ɗaukar jaka ita ma ta ɗauka, ba a bar ta da wanke-wanke ba. Hotonta kuma da sabon kaye a hannu, a raba shi da Facebook da WhatsApp. Ƴan ajinsu ma na gani, gobe da shi za su yi mata gori.