Jawabin maraba ga babban bakonmu, daga matasan Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ranka ya dade Farfesa, barka da zuwa Zazzau, sannu da hanya, Allah ya saka da alheri da ka baro Abuja takanas ka zo ka zauna damu. Masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, sannunku da hakurin zama.

Ranka ya dade tunda Allah ya kawo ka gida ba zamu boye maka komai ba. Garin nan garin ilimi ne, jami'ar ABU tun 1962 take Samaru, ga asibitin koyarwa a Shika, ga na kwakwalwa a Barnawa Kaduna, amma dan talaka in ciwon damuwa ya kama shi wallahi duk wadannan sunaye ne kawai yake ji. Akwai wata baiwar Allah makociyarmu mai tuyar awara, tun da aka sace mijinta ta daina barci, sai ta zauna gaban kasko mai yana konewa bata ma sani ba. An kai ta asibiti sau daya aka ce ta rika dawowa ana zama da ita ana tattaunawa, to kudin mota zuwa Shika da dawowa, kudin kati, ga ranar ba ciniki yara ba abinci, ina zata iya? Karshe kemis ta koma tana sayen maganin barci, 'yan uwa kuma na cewa iskokai ne. Mai hali kuwa waya zai daga ya samu masanin halayyar dan adam su yi awa guda, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Abinda yafi ci mana rai shine karatun ma haka yake. Digirin farko a saikoloji, wato ilimin halayyar dan adam, baya isa mutum ya duba mara lafiya, sai ya kara mastas ya kuma yi horo a asibiti, shekaru kenan ba albashin kirki. Kanwar abokina ta gama digirinta da sakamako mai kyau, yanzu POS take yi a Kwangila don ita ke rike gidansu, alhali irin ta muke nema, wadda ta san kunyar matar aure, ta san mece ce kishiya, zata ji maganar Inna da Hausa ba sai an sa tafinta ba.

Mun ji dadi da aka sa hannu a dokar lafiyar kwakwalwa a 2023 ta maye gurbin ta 1958. Rokonmu dan Allah ka kai kukanmu inda ake jin maganarka, a dauki nauyin mastas din 'ya'yan talakawa, a kuma ajiye mai ba da shawara a asibitin unguwa inda Inna zata iya takawa da kafa.

Ga fura iyayenmu mata sun dama maka, ka jika makoshi tukuna. Bismillah ranka ya dade.